Dogayen Sunayen Sinadarai: Ta Ina Ake Kama Su?

TAMBAYA

 Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Muna zaune a Malkohi da ke ƙaramar hukumar Yola ta Kudu. Asalinmu mutanen Madagali ne, rikicin 2014 ne ya kawo iyayena nan. A gida Margi muke yi, a waje Hausa da ɗan Fillanci, Turanci kuwa sai a aji. Burina in karanci aikin jinya ko haɗa magunguna. Lissafin kemistiri ba ya ba ni wahala, sunaye ne ke karya mini gwiwa. Duk ranar da malami ya ce in tashi in karanta irin su tetraoxosulphate(VI) acid ko phenolphthalein, sai harshena ya sarƙe, 'yan aji su sa dariya, in zauna da kunya. A gida ma Baba kan miƙo mini robar maganin feshi in karanta masa, sai in karanta babban sunan kawai, in tsallake dogon da ke ƙasa. Malam, akwai ƙa'idar rarraba waɗannan sunaye gaɓa-gaɓa, ko haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya? Kuma dole ne sai na furta su kamar Bature kafin a ce na iya?

Ɗalibarka, daga Malkohi

AMSA

 Allah ya yi miki albarka, ya cika miki burinki. Akwai ƙa'ida, ba ta da yawa, kuma rabinta kin riga kin koya a darasin Hausa. Batun furuci irin na Bature kuwa, ki kwantar da hankalinki, ba sharaɗi ba ne. Amma akwai wuraren da ba a yi wa suna sassauci, zan nuna miki su.

Matsalarki ta faro ne daga yadda kike kallon sunan. Kina ganinsa kalma ɗaya doguwa, sai ki ja numfashi ki afka masa daga harafin farko, ki maƙale a tsakiya. A gaskiya ƙananan kalmomi ne aka jera aka manne su ba tare da tazara ba. Ki lura da mahauci a kasuwar Jimeta idan zai raba cinyar sa. Ba ya saran tsakiyar ƙashi. Yakan laluba da yatsa har ya sami gaɓa, ya ɗora wuƙa, nama ya rabu ba tare da ya yi gumi ba. Haka za ki yi wa sunan sinadari. Gaɓoɓinsa iri biyu ne: gaɓar ma'ana, inda kalma ta ƙare wata ta fara, da gaɓar furuci, wadda baki ke fitarwa a bugu ɗaya. Ki fara da ta ma'ana kullum. Idan kin same ta, ta furuci za ta zo da kanta.

Me ya sa suka yi tsawo?

A da, Turawa ma suna raɗa wa sinadarai suna ne kamar yadda muke cewa kanwa, farar wuta, alli ko ruwan batir, wato daga kamanninsu ko aikinsu ko inda aka samo su. Irin wannan suna yana da daɗin faɗa, amma ba ya gaya maka abin da ke ciki. A 1787 wasu masana huɗu na ƙasar Faransa, cikinsu har da Antoine Lavoisier da Guyton de Morveau, suka fitar da littafi suna cewa ya kamata suna ya bayyana abin da aka haɗa sinadari da shi. A 1892 aka yi taro a birnin Janeba aka tsara sunayen sinadaran da ke da kabon, sannan a 1919 aka kafa ƙungiyar IUPAC, wadda har yau ita ke kula da ƙa'idojin. Tsawon da kike gani daga nan ya fito. Kowane yanki na sunan yana ɗauke da labari, wanda ya iya karanta shi zai iya zana siffar sinadarin ko bai taɓa ganinsa ba.

Yankunan da za ki haddace

Sunayen sinadarai sun kai miliyoyi, ba wanda ya haddace su. Abin haddacewa yankunan da ake gina su ne, kuma waɗanda za ki buƙata a jarrabawar WAEC da NECO ba su wuce arba'in ba. Ki ware musu shafi ɗaya a bayan littafinki, ki kasa su gida huɗu.

Gida na farko, masu ƙidaya: mono ɗaya, di biyu, tri uku, tetra huɗu, penta biyar, hexa shida. A darasin Hausa irin waɗannan kuke kira ɗafa-goshi. Duk inda kika ga ɗayansu, ki san sabuwar gaɓar ma'ana ce ta fara.

Gida na biyu, masu faɗin yawan ƙwayoyin kabon: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, pent biyar, hex shida, hept bakwai, oct takwas, non tara, dec goma. Gas ɗin girki da ake cikawa a tukunya haɗin propane da butane ne, wato mai kabon uku da mai huɗu.

Gida na uku, masu maƙalewa a jikin gindin sinadari: chloro, bromo, oxo, hydroxy, amino, nitro, methyl, ethyl, phenyl.

Gida na huɗu, ɗafa-ƙeya, waɗanda ke faɗin dangin sinadari: -ane, -ene, -yne, -ol, -al, -one, -oic, sai kuma -ide, -ite da -ate.

Yanzu ɗauki fensir mu gwada da wani suna mai harafi 31: dichlorodiphenyltrichloroethane. Ki ja layi a duk inda kika gane yanki. Zai fito haka: di / chloro / di / phenyl / tri / chloro / ethane. Yanki bakwai ne, kuma biyu daga ciki maimaici ne. Ma'anarsa ta bayyana: kulorin biyu a jikin fenil biyu, fenil ɗin da wasu kulorin uku kuma a kan gindi mai kabon biyu. Biyu da uku biyar, kuma idan kika duba alamarsa za ki ga kulorin biyar ne cif. Wannan shi ne DDT, maganin ƙwari da Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfinsa a 1939, har ya sami kyautar Nobel a 1948. Ki lura da cewa masanan ma DDT suke cewa a bakinsu, kamar yadda suke cewa DNA. Sun san dogon sunan, amma ba kullum suke jan sa ba.

Ki faro daga wutsiya

Gindin sinadari a ƙarshen suna yake zama, don haka idan za ki koya wa bakinki, ki faro daga can ki riƙa ƙari kina dawowa baya. Ki ce eten. Sannan kuloro'eten. Sannan tirai-kuloro'eten. Sannan fenil-tirai-kuloro'eten. Haka har ki iso farko: dai-kuloro-dai-fenil-tirai-kuloro'eten. Amfanin wannan dabara shi ne, a kowane zagaye bakinki yana tafiya ne zuwa ga abin da ya riga ya saba da shi, don haka ba ya sarƙewa a ƙarshe, inda yawancin ɗalibai ke faɗuwa.

Haruffan da ke yaudara

Yawancin waɗannan yankuna daga Girkanci da Latin aka aro su, shi ya sa rubutunsu ya saɓa wa yadda ake faɗarsu. Ƙa'idoji kaɗan sun isa. Ch a nan k ce: chloro kuloro. Ph kuwa f ce: phenyl fenil, phosphate fosfet. Harafin c idan e, i ko y suka biyo shi, s ne, kamar a acetic, asetik. Idan a, o ko u ne, k ne, kamar a carbonate, kabonet. Harafin x a tsakiyar kalma ks ne, oxo okso. A farkonta kuma z ne, xylene zailin. Harafin y wasali ne, wani lokaci i, wani lokaci ai: ethyl etil, glycol gilaikol. Harafin e na ƙarshen suna ba a furta shi. Th kuma, idan na Turanci ya yi miki nauyi, ki mayar da shi t. Faransawa da Jamusawa ma t suke yi a methane.

Da wannan, phenolphthalein da ke ba ki kunya ya warware. Yanki biyu ne, phenol da phthalein. Baƙaƙe biyar da suka taru a tsakiya, l, p, h, t, h, ba na gida ɗaya ba ne: l ta phenol ce, sauran na phthalein. Kuma mutane da yawa ba sa furta ph ɗin nan na biyu. Sai ki ce fenol-talin. Shi ne ruwan da kuke ɗigawa a gwaji, ba shi da launi a cikin asid, ya koma ruwan hoda idan alkali ya rinjaya.

Hamza ta fi komai amfani

Wurin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne inda wasali ya haɗu da wasali: trioxo, tetraoxo, chloroethane, deoxy. Ido kan ɗauka sauti ɗaya ne, alhali iyaka ce tsakanin yanki biyu. Hausa ta ba ki maganin wannan tun tuni. Yadda kike ɗan tsayawa a tsakiyar sa'a da ma'ana da jama'a, haka za ki yi a nan: tirai'okso, tetira'okso, kuloro'eten, di'oksi. Ki sa wannan alama da fensir a littafinki duk inda wasula biyu suka yi karo.

Mu koma ga tetraoxosulphate(VI) acid: tetra / oxo / sulph / ate, wato oksijin huɗu kewaye da farar wuta. A baki: tetira'okso-salfet, sai lambar shida da Turanci, sai asid. Shi ne asid ɗin da ke cikin ruwan batir. Haka calcium trioxocarbonate(IV), kalsiyom tirai'okso-kabonet, shi ne dutsen da ake haƙa a Ashaka ta jihar Gombe ana yin siminti, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin ɓawon ƙwai. Idan kika buɗe littafin kemistiri na Ababio za ki ga wannan tsari ya cika shafuka, ƙa'idar ba ta canzawa.

Lambobi ma suna da nasu karatun. Ta Romawa da ke cikin baka tana nuna matsayin sinadarin da ke tsakiya, kuma ki kiyayi IV da VI, huɗu da shida ne, juya su na canza amsa. Lambobin da ke gaban suna kuwa wuraren zama suke nunawa. Maganin ciyawar da manoman shinkafa da masara suka sani da 2,4-D, cikakken sunansa 2,4-dichlorophenoxyacetic acid. Ana karanta lambobin ɗaya-ɗaya, biyu sannan huɗu, ba ashirin da huɗu ba. Ma'anarsu, kulorin ɗaya na zaune a kabon na biyu, ɗayan a na huɗu. Sauran kuwa di / chloro / phen / oxy / acetic ne.

A rubutu, waƙafi na shiga tsakanin lamba da lamba, karan ɗori kuma tsakanin lamba da harafi. Idan layi ya ƙare miki a tsakiyar suna, ki yanke a gaɓar ma'ana, kamar bayan dichloro, kada ki raba ch ko ph ko th gida biyu.

Inda za ki lanƙwasa, da inda ba za ki taɓa ba

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su taru a farkonta. Shi ya sa muke cewa burodi da direba da fursuna. Idan kika ce kuloro ko tirai ko gilaikol, wannan tsohuwar ƙa'ida ce ke aiki, kuma duk masanin kemistiri zai gane abin da kike nufi. Turawan Ingila da na Amurka ma ba su daidaita ba: methyl, a Ingila ana jin mitail, a Amurka metil. A rubutu wasu na sa sulphur, wasu sulfur. Ke kuma kina da wata riba. Margi na cikin harsunan da masana suka shaida da yawan baƙaƙe, Fillanci kuma yana da p a fili, wadda bakin Bahaushe kan mayar f. Bakin da ya saba da waɗannan ba zai gagara faɗin propanol ba.

Abin da ba a yarda ba shi ne haɗiye yanki ko sauya shi. Ga dangi uku: ethane, ethene, ethyne. A baki eten, etin, etayin. Na farko yana cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Na biyu shi ne iskar da mangwaro da ayaba ke fitarwa da kansu idan za su nuna. Na uku shi ne gas ɗin masu walda, wanda ke tashi idan an zuba wa kabaid ruwa. Wasali ɗaya ne ya raba su. Haka nitrite da nitrate, naitirayit da naitiret, ko chloride da chlorine: na farko yana cikin gishirin miya, na biyu iska ce mai guba. Ki buɗe baki sosai a wutsiyar suna, domin a can bambanci yake.

Harafi ɗaya ne tsakanin ethanol da methanol. Na biyun yana makantarwa, yana kisa, kuma shi aka samu a barasar gida da ta halaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Akwai kuma propylene glycol, wanda ake narkar da maganin yara a cikinsa, da diethylene glycol, guba mai lalata ƙoda. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Najeriya, cikinsu har da na Jos, bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da na biyun. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 saboda wannan sinadari, har a Zariya an kwantar da wasu. A 2022 irin haka ta faru a Gambiya. Sakaci da algus a wajen sayen sinadari ne suka jawo waɗannan masifu, ba kuskuren furuci ba. Na kawo su ne don ki ga nisan da ke tsakanin sunaye biyu masu wutsiya ɗaya. Duk wanda zai yi aikin magani dole idonsa ya saba da karanta suna daga goshi har ƙeya.

Sunayen magunguna

Tunda can kika nufa, ki san cewa magani kan ɗauki suna uku: na sinadari mai tsawo, na bai-ɗaya da likita ke rubutawa, da na kamfani. Na bai-ɗaya Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara shi tun 1953, kuma ta sa wa kowane dangi wutsiyarsa. Masu ƙarewa da -cillin dangin fenisilin ne, kamar amoxicillin, a-mok-si-si-lin, da ampicillin. Masu -pril da -dipine da -olol na hawan jini ne da zuciya: lisinopril, amlodipine, atenolol. Masu -oxacin, kamar ciprofloxacin, si-furo-fulok-sa-sin, na kashe ƙwayoyin cuta ne. Idan kika ga karan ɗori tsakanin sunaye biyu, magani biyu aka haɗa. Artemether-lumefantrine na zazzaɓin cizon sauro, a-te-me-ta da lu-me-fan-tirin. Sulfadoxine-pyrimethamine da ake ba masu juna biyu a wurin awo, sal-fa-dok-sin da fi-ri-me-ta-min. Paracetamol ma guntule shi aka yi daga para-acetyl-amino-phenol, kuma daga waɗannan yankuna ne Amurkawa suka yanko nasu sunan, acetaminophen. Magani ɗaya ne. Wanda bai san haka ba zai iya shan biyun tare ya cutar da hantarsa.

Sanin suna dai ba lasisin ba da magani ba ne. Wannan sai kin yi karatun, an tantance ki.

Robar Baba

Babban sunan da ke jikin roba na kamfani ne, ba ya rabuwa zuwa ma'ana, kuma sinadari ɗaya na iya fitowa da sunan kamfani iri-iri. Ƙaramin rubutun da kike tsallakewa shi ne ainihin abin da Baba ya saya, kuma shi ya fi buƙatar ji. Glyphosate, gilai-fo-set, yana shiga jikin ciyawa ya kashe ta har saiwa, amma yana ɗaukar kwanaki. Paraquat, fa-ra-kwat, yana ƙona ganyen da ya taɓa da wuri, kuma guba ne mai tsanani ga ɗan Adam, ba shi da makari. Atrazine, a-ti-ra-zin, ana fesa shi a gonar masara da dawa kafin ciyawa ta tsiro ko tana ƙarama. Dichlorvos, dai-kulo-bos, shi ne ke cikin Sniper, kuma shi aka fi samu a fiya-fiya. Kin ga di da chlor sun sake dawowa. Saboda yawan ragowarsa a waken da aka adana ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Daga yau idan Baba ya miƙo miki roba, ki karanta masa wannan layi, ki rubuta shi a takarda ya tafi da ita shago. Allah ya kiyaye, idan wani ya sha ko ya shaƙi maganin feshi, a tafi asibiti da robar, domin wannan sunan likita zai fara tambaya. Manoman Malkohi da masu noman rani a bakin tafkin Geriyo suna buƙatar 'ya'yan da za su iya karanta musu wannan layi.

Batun dariya

Na san tana da ciwo, musamman ga yarinya a gaban aji. Amma ki lura, masu dariyar ba su cika ɗaga hannu su karanta ba. Ki shirya tun a gida. Kowane dare ki ɗauki suna biyu ko uku daga darasin gobe, ki ja musu layi, ki sa hamza, ki faro daga wutsiya, ki faɗa da ƙarfi har kunnenki ya ji. Ki sami ƙawa ɗaya ku riƙa yi tare, ke ki faɗa ita ta rubuta. Idan ta rubuta daidai, furucinki ya isar da saƙo. A aji kuma kada ki yi gaggawa. Ki ɗan tsaya bayan kowane yanki, haka malaman jami'a ma suke yi a Jami'ar Modibbo Adama da ko'ina. Sannu ba ta hana zuwa. Idan malaminku ya furta wani suna da bambanci da yadda na rubuta miki, ki bi nasa a aji, matuƙar yankunan sun fito duka.

Ga aikin gida. Ki rarraba waɗannan uku, ki rubuta yadda za ki furta su da abin da kika gane a ma'anarsu: trioxonitrate(V) acid, sai 2-methylpropan-2-ol, sai ethylenediaminetetraacetic acid, wanda ke cikin 'yar kwalba mai shunayyar murfi da ake zuba jini a ɗakin gwaji don kada ya daskare. Na ukun yana da a biyu a jere, ki tuna da hamza. Ki aiko mini da amsarki in duba miki. Ki gaida Baba da mutanen gida. Allah ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, ya sa ki amfani jama'arki da abin da kika karanta.